Jiran Sabuwa Ko Lallaɓa Tsohuwa: Yaushe Ya Dace A Sauya Kwamfuta?

Gabatarwa

A ɗauka akwai wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare da ke yankin Sukuntuni, a ƙasar Kankiya da Kusada, cikin tsakiyar Jihar Katsina. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya wadda ya saya ta hannu shekaru shida da suka wuce. Da ita yake buga tambayoyin jarrabawa, da ita yake haɗa sakamakon ɗalibai a ƙarshen zango, kuma a kanta 'yan aji shida suke koyon danna madannai kafin su tafi zauren jarrabawar shiga jami'a. Yanzu na'urar ta fara nauyi, batirinta ba ya wuce rabin sa'a, ga shi kuma malamin ya ɗauki adashinsa. Wani abokinsa ya ce ya dakata, domin an ce akwai sabon samfuri tafe wanda ya fi na kasuwa sauri. Wani kuma ya ce ya yi maza ya saya tun dala ba ta sake tashi ba.

Wannan matsala ta wuce ta mutum ɗaya. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Hukumar WAEC ta gudanar da jarrabawarta ta farko ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a watan Fabrairun 2024, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana ƙudurinta na mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan wannan tsari. Ke nan ɗalibin da bai taɓa zama gaban na'ura ba yana iya sanin amsa amma lokaci ya ƙare masa yana lalube. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa sabbin na'urori ba sa yankewa, da yadda tsofaffin suke lalacewa, da kuma ma'aunin da malami ko ɗalibi zai yi amfani da shi ya san ko lokacin sauyi ya yi.

Dalilin da ya sa sabuwa ba ta yankewa

Zuciyar kowace kwamfuta wani ɗan falle ne na silikon wanda bai fi girman farce ba, ana kiransa furosesa, wato masarrafin bayanai. A kansa ake shimfiɗa ƙananan makunnai da ake kira taransisto, kowanne aikinsa buɗe wa lantarki hanya ko rufe ta. Yawan waɗannan makunnai shi ne yawan lissafin da na'ura za ta iya yi a lokaci guda. A shekarar 1965 wani masani Ba'amurke mai suna Gordon Moore, wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa adadin makunnan da ake iya tarawa a falle ɗaya yana ninkawa kowace shekara. A 1975 ya gyara hasashensa zuwa ninkawa duk shekara biyu. Furosesar Intel ta farko, mai lamba 4004, wadda ta fito a 1971, tana ɗauke da taransisto 2,300. Furosesar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 tana ɗauke da biliyan 16. Idan aka yi lissafi, ninkawa kusan 23 ke nan cikin shekara 49, abin da ya yi daidai da hasashen Moore.

Ɗalibin nazarin halittu ba baƙo ba ne ga irin wannan lissafi. Ƙwayar bakteriya da ake kira Escherichia coli, idan ta sami abinci da ɗumi daidai, takan rabe biyu duk bayan minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin sa'o'i bakwai. Sai dai duk wanda ya taɓa renon bakteriya a kwanon gwaji ya san wannan hauhawa ba ta ɗorewa. Abinci yakan yi ƙaranci, dattin da ƙwayoyin suke fitarwa yakan taru, sai yaɗuwar ta lafa ta shiga matakin tsayawa. Furosesa ma ta gamu da nata shingen. Layukan da ke kan 4004 faɗinsu maikuromita 10 ne, wato sun ɗan ɗara ƙwayar jan jinin ɗan Adam kaɗan. Na yau kuwa ba su kai girman ƙwayar cutar mura ba, wadda faɗinta kimanin nanomita 100 ne. Da aka kai wannan ƙanƙanta, lantarki ya fara yoyo ta bangon makunnan, zafi kuma ya yi yawan da ba a iya fitar da shi cikin sauƙi.

Sakamakon wannan a fili yake. A 1995 furosesar kwamfutar tebur tana bugawa kimanin sau miliyan 100 a daƙiƙa, zuwa shekarar 2000 kuma ta kai sau biliyan ɗaya, wato ninki goma cikin shekara biyar. Zuwa 2005 an kai biliyan 3.8, amma bayan shekara ashirin mafi saurinsu ba su ko ninka wannan adadi sau biyu ba. Kamfanoni sun koma ƙara yawan ƙwaƙwalen da ke cikin falle ɗaya da rage cin wuta. Ci gaba bai tsaya ba, amma ga mai buga takarda da haɗa sakamako da karanta littafi, bambancin samfurin bara da na bana bai taka kara ya karya ba.

Kalandar kamfanoni da tarkon jira

Fitar da sabbin na'urori yana da lokutansa kamar yadda noma yake da nasa. A watan Janairu ake yin babban baje-kolin kayan lantarki na CES a birnin Las Vegas na Amurka, inda masu ƙera furosesa da kwamfutoci suke bayyana abin da za su kawo a shekarar. A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ake yin na wayoyi da kwamfutocin hannu a Barsalona ta ƙasar Sifen, sai na Computex a birnin Taipei na Taiwan wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Kamfanin Apple ya saba fitar da sabbin wayoyinsa a watan Satumba. Amma ba kowane kaya ne yake bin kalanda ba. Kwamfutar hannu ta iPad, wadda ta fara fitowa a 2010, ta shafe shekarar 2023 gaba ɗaya ba a fitar da sabon samfurinta ko ɗaya ba, kuma wanda ya ajiye kuɗinsa yana jiran ta a wannan shekara jiran gawon shanu ya yi.

Tarihin wannan sana'a ya adana wani labari da ya shafi jira. A 1981 kamfanin Adam Osborne ya fitar da Osborne 1, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da ake iya ɗauka a tafi da su, ko da yake nauyinta ya haura kilo 10. Ta karɓu ƙwarai. A 1983 sai kamfanin ya ba da labarin samfuri mai zuwa tun bai gama shirya shi ba, dillalai suka janye daga sayen wanda ke ƙasa, kaya suka yi kwantai, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya durƙushe. Akwai wasu dalilan da suka taimaka wajen faɗuwarsa, amma har yau ana kiran irin wannan al'amari da sunan Osborne. Tun daga nan kamfanoni suke auna lokacin da za su yi sanarwa, kuma kowace sanarwa an tsara ta ne domin amfanin mai sayarwa.

Saboda haka ya kamata mai saye ya rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai ranar fitowa wadda kamfani ya tsayar da bakinsa, akwai kuma jita-jita. Idan ranar tabbatacciya ce, saura 'yan makonni, kuma na'urar da ke hannu tana aiki, haƙuri yana da riba, domin fitowar sabon samfuri takan karya farashin wanda ya gabace shi. Idan kuwa ji ake yi an ce, to babu ranar da jira zai ƙare, domin kowane samfuri yana da na bayansa. Jira kuma ba kyauta ba ne: kowane zangon karatu da ya wuce ɗalibai ba su taɓa na'ura ba, asara ce da ba a mayar da ita.

Farashi a kasuwannin Kano da Katsina

Duk wannan kalanda ta mutanen Amurka da Turai ce. Kafin kayan da aka nuna a Las Vegas su iso Legas, su wuce kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su hau titi zuwa Farm Centre ko titin Beirut a Kano, sannan su kai hannun mai saye daga Kankiya ko Kusada, watanni sun shuɗe. Abin da ya fi juya farashi a wannan doguwar tafiya shi ne canjin kuɗi. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira a tsakiyar watan, ta wuce 700, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta kai kimanin 1,500. Na'urar da kuɗinta yake dala 300, wadda a lissafin farko take naira 138,000, ta koma naira 450,000 ba tare da an ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba. Babu wani rangwamen fitowar sabon samfuri da zai cike irin wannan giɓi. Haka kuma ƙarancin kaya a duniya yakan tayar da farashi, kamar yadda aka gani lokacin annobar korona daga 2020 zuwa 2022, sa'ad da masana'antu suka kasa samar da isassun fallayen silikon.

Bugu da ƙari, yawancin kwamfutocin da malamai da ɗalibai suke iya saye a wannan yanki na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo. Ma'aikatu da kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya na'urorinsu duk bayan shekara uku zuwa biyar, tsofaffin kuma su biyo jirgin ruwa. Ke nan sabon samfurin bana, ga mutumin Sukuntuni, kayan kasuwar shekaru huɗu ko biyar masu zuwa ne. A cikin tokumbo akwai nagari, musamman waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, masu ƙarfin jiki da sauƙin samun kayan gyara. Akwai kuma shara. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 an shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Araha ba ta ado, don haka wajibi ne a kunna na'ura a gwada ta a gaban mai sayarwa.

Yadda na'ura take tsufa

Kwamfuta tana tsufa ta fuska biyu, ta jiki da ta manhaja. A ɓangaren jiki, batir ne yake fara gajiya. Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma wanda ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, yana aiki ne ta kai-komon ƙwayoyin litiyom tsakanin sanduna biyu. Kowane caji yana barin ɗan tabo a jikin sandunan, ta yadda bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Zafi yana gaggauta wannan lalacewa. Ƙa'idar da ɗalibai suke koya game da sinadaran narkar da abinci, cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin haɗuwar sinadarai, tana aiki a cikin batir. Masu ƙera kwamfutocin hannu sukan ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin da ya dace a yi aiki da su, alhali kuwa a ƙasar Katsina zafin watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Batirin da aka bari a cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana yana tsufa kafin lokacinsa. Idan ya kumbura, ya zama haɗari, sai a cire shi nan take.

Na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da lallausar ƙura wadda fankar kwamfuta take zuƙowa ciki. Idan ta toshe hanyoyin iska, furosesa takan yi zafi, sai ta rage wa kanta sauri domin kada ta ƙone. Na'urori da yawa da ake cewa sun tsufa shara kawai suke bukata. Na uku shi ne wutar lantarki mai hawa da sauka, ko ta layi ko ta janareta, wadda take kashe caja da sassan da ke karɓar wuta.

Tsufan manhaja ya fi wannan ɓoyuwa, domin na'ura tana iya zama lafiya lau a ido alhali an daina kula da ita. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana da kafofi da ɓarayin bayanai suke ganowa, kamfanin da ya yi ta kuma yana aiko da gyara lokaci zuwa lokaci. Wannan gyara yana kama da allurar rigakafi. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a wasu asibitocin Ingila, alhali an fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ta kama. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, ya daina wa Windows 7 a Janairun 2020, sannan Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ko da yake ya buɗe wa masu amfanin gida wani shiri na ƙarin gyaran tsaro har zuwa Oktoban 2026.

Nan ne tarkon masu sayen tokumbo yake. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, galibi ba ta amincewa da furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, wato na wajen 2017 da 2018. Saboda haka miliyoyin na'urorin da suka girmi wannan zubi suna barin ofisoshin Turai da Amurka, kuma kasuwannin Afirka suna cikin inda suke nufa. Gane zubi ba shi da wuya. Lambar da take biyo bayan ɗan karan da ke cikin sunan furosesa ita ce shaida: i5-7200U zubi na bakwai ne, i5-8250U kuma na takwas. Kada sunan i7 ya ruɗi mai saye, domin sau da yawa i7 na 2012 bai kai i3 na 2021 ba.

Gyara kafin sauyi

Likita ba ya yanke hukuncin tiyata sai ya binciki majiyyaci. Haka ya kamata a yi wa kwamfuta, domin mafi yawan nauyinta daga wurare biyu yake fitowa. Na farko shi ne rumbun ajiya. Tsohon samfuri faifai ne mai juyawa, da ɗan hannu da ke yawo a kansa yana neman bayani, kuma saurinsa bai cika wuce megabait 100 a daƙiƙa ba. Sabon samfuri, wanda ake kira SSD, ba shi da wani abu mai motsi, kuma ko mai araha daga cikinsa yakan kai megabait 500. Sauya wannan rumbu kaɗai yakan mayar da na'urar da take ɗaukar mintuna kafin ta tashi ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi. Na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi, wadda 'yan kasuwa suke kira RAM, wato teburin da na'ura take baje aikin da take yi a lokacin. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga manhajojin yau, 8 kuwa ya wadatar da aikin makaranta. Idan aka haɗa da sabon batir da share ƙura, kuɗin duka ba ya kusantar na sayen wata na'urar. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.

Ko na'urar da Windows 11 ta ƙi ba ta zama shara ba. Ana iya ɗora mata babbar manhajar Linux, wadda kyauta ce; samfurin Ubuntu mai dogon tallafi yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, ana kuma kula da shi shekara biyar. Ana kuma iya raba ta da intanet baki ɗaya a keɓe ta domin atisayen ɗalibai. Jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ne na zaɓin amsa cikin sa'o'i biyu, kuma ko kwamfutar da ta shekara goma tana iya ɗaukar manhajar gwajin irinta. Akwai ma manhajar Kiwix, wadda take ba da damar adana kundin Wikipedia a cikin na'ura a karanta ba tare da intanet ba.

Kwamfutar hannu ko ta tafi-da-gidanka

Kwamfutar hannu tana da abubuwan da suka dace da karkara. Ba ta da fanka, don haka ba ta shan ƙura, batirinta yakan yi kusan yini, kuma ƙaramin faifan sola ya isa ya cika ta. Wannan ne ya sa aka yi ta gwada irin waɗannan ƙananan na'urori a makarantun Nijeriya, tun daga kwamfutar yara ta XO da aka raba a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007, zuwa Opon Imo da Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare a 2013. Sai dai kwamfutar hannu a rufe take zuwa. Ma'adanarta a like take, batirinta da gam aka manne shi, don haka abin da aka saya da shi za a ƙare. Tsawon ranta ya dogara ne ga shekarun da kamfani ya yi alkawarin sabunta manhajarta. Kamfanonin Google da Samsung sun fara alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu a 2023 da 2024, amma ƙananan kwamfutocin hannu masu araha da yawa ba sa samun ko kusa da haka. Tambayar da ta fi muhimmanci a shago ita ce shekarar da samfurin ya fito da shekarar da tallafinsa zai ƙare. Ga karatu da kallon darussa, kwamfutar hannu ta isa. Ga malamin da zai yi dogon rubutu, ko ɗalibin da yake so hannunsa ya saba da madannai irin na zauren jarrabawa, ta tafi-da-gidanka ta fi.

Ina tsohuwar za ta?

Akwai wani farashi da ba a rubuta shi a rasit. Wani nazari na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004 ya ƙiyasta cewa ƙera kwamfutar tebur ɗaya da allonta yana cin kilo 240 na makamashi irin su gawayin ƙasa da man fetur, da kilo 22 na sinadarai, da lita 1,500 ta ruwa. Rahoton Majalisar na 2024 kuma ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida.

A cikin tsofaffin na'urori akwai dalma a mahaɗar wayoyi da gilashin tsofaffin alluna masu ƙeya, akwai zaiba a fitilun wasu alluna, ƙona robar waya domin ciro jan ƙarfe kuma yana fitar da hayaƙi mai guba. Jikin ɗan Adam yana ruɗuwa ya ɗauki dalma a madadin sinadarin kalsiyom, sai ya ajiye ta a ƙashi. Tana hana aikin sinadaran da suke haɗa jan jini, tana kuma lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, lalacewar da ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Mutanen Arewa sun ga ƙarshen wannan guba a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Tsohon batir ko allon da aka jefa a juji, wanda daga baya za a kwashe a kai gona a matsayin taki, hanya ce da guba take bi ta shiga ƙasa da ruwa. Bai dace a ƙona su ba, bai kuma dace a bar yara su yi wasa da su ba. A mayar da su ga masu gyara, waɗanda suke cire sassan da ke da sauran amfani.

Kammalawa

Idan aka koma ga malamin Sukuntuni, hukuncinsa ya rataya ne a kan tambayoyi huɗu. Shin akwai wani aiki da yake bukata wanda na'urar ta kasa yi? Shin har yanzu tana samun gyaran tsaro? Shin kuɗin gyaranta ya kai rabin kuɗin wata mai kyau? Shin akwai tabbatacciyar ranar da jira zai ƙare? Idan ya duba ya ga furosesarsa zubi na takwas ce ko sama, to SSD da ƙarin ma'adana da sabon batir sun ishe shi wasu shekaru, ragowar adashin kuma ya fi amfani a faifan sola da abin daidaita wuta. Idan kuwa ta girmi haka, sai ya keɓe ta domin atisayen ɗalibai, ya nemi tokumbo nagari mai sabon zubi domin aikin da ya shafi intanet da sakamakon jarrabawa. A duka halayen biyu, baje-kolin Las Vegas ba shi da ta cewa.

Kalandar da ta shafe shi ita ce ta makaranta. An saba yin jarrabawar JAMB a watannin Afrilu da Mayu, don haka na'urar da za ta amfani 'yan aji shida ita ce wadda take kan tebur tun zangon farko. Manomin gero a ƙasar Kankiya yana jin labarin ingantaccen iri da masu bincike suke fitarwa, yana kuma maraba da shi idan ya iso hannunsa. Amma idan ruwan shuka ya sauka, irin da ke rumbunsa yake ɗauka ya nufi gona.